Littattafan da Ya Kamata Makiyayi Ya Riƙe

  Maganar da aka ba ni ita ce ta karatu, watau irin littattafan da ya kamata mai kiwon garken Allah ya riƙe a hannunsa.

Kun san garin da mu ke zaune. Tun zamanin da fatake su ke zuwa Salaga sayen goro, Hausawa sun zo ƙasar nan da kanwa da jakuna, sun kuma zo da allo da tawada. Har yau ana tunawa da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, saboda ilminsa da rubuce-rubucensa. In ka bi ta Zango a nan Tamale, za ka ga malami zaune a zaure, almajirai kewaye da shi. Maƙwabtanmu suna girmama mai ilmi. Idan fasto ya buɗe baki aka ga bai san littafinsa ba, za a rena shi, a rena bisharar da ya kawo tare da shi. Ga kuma masu wa'azi na rediyo da na wayar hannu, waɗanda su ke sayar da mai da ruwa da sunan albarka. Mutanenmu suna jinsu kwana shida, ran Lahadi su zo wurinka da tambaya. Da me za ka amsa musu?

Na fari, Littafi Mai Tsarki kansa. Kada wani ya ce wannan ai sananne ne. Ku tuna da wahalar da aka sha kafin ya zo hannunmu da Hausa. Schön, wani Bajamushe mai aikin C.M.S., shi ya fitar da Bisharar Matta a 1857, yana aiki tare da wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu a ƙasar Ingila. Sabon Alkawari ya fito a 1880. Dukan Littafin kuwa bai fito ba sai 1932, bayan Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fama da shi. Shekara guda ke nan bayan Lloyd Shirer da matarsa sun sauka Yendi da bishara a 1931. Daga baya aka sake fassara shi da Hausar da ta fi sauƙi, aka fitar a 1979.

To, littafin da aka sha wa wahala haka, mu nawa ne muka karanta shi daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna? Waɗansunmu sun kafa bukka a Zabura da Bisharar Yohanna, in kuwa kuɗin ekklesiya ya ragu sai su leƙa Malakai sura ta 3. Littattafai 66 ne, surori 1,189. Wanda ya karanta sura uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai sauke cikin shekara. Ku ajiye tsohuwar fassara da sabuwa gefe da gefe, gama inda ɗaya ta yi duhu sau da yawa ɗayar ta kan haskaka. Wanda ya ke da Dagwamba cikin garkensa lalle ya nemi na harshensu kuma. Ƙungiyar GILLBT, wadda ta fara aiki a 1962, tana nan garinmu, ta kuwa fassara Maganar Allah cikin harsuna da yawa na arewacin Ghana. Ku je ku tambaya.

Bayan wannan sai mataimaka. In kuɗinka na littafi ɗaya ne tak, shawarata ita ce ka sayi Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka. Ya fara fitowa da Turanci a 2006, masana 70 'yan Afirka suka rubuta shi, Tokunboh Adeyemo ya shugabanci aikin, yanzu kuwa akwai shi da Hausa. Abin da ya sa na fifita shi, marubutansa sun san maita, da auren mata da yawa, da gadon gwauruwa, da bikin mutuwa mai cinye rumbu. Baturen da ya rubuta sharhi a ƙasarsa ba a taɓa tashinsa da dare a kan irin waɗannan ba. Amma ka fara karanta nassin da kanka, ka yi addu'a, kāna ka buɗe sharhi. Ƙamus na Littafi Mai Tsarki ma yana da amfani ga wanda ya samu.

Ku karanta labarin waɗanda suka riga mu. Ogustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, mutumin Afirka ne, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, ya kuwa rubuta labarin tubansa bai ɓoye zunubinsa ba. Samuel Ajayi Crowther bawa ne da aka 'yanta, ya zama bishop a 1864. Littafin John Bunyan na tafiyar mai bi zuwa birnin sama, wanda ya fito a 1678, an fara shi cikin kurkuku. Yaro ya kan ji daɗinsa, tsoho kuma ya ga kansa a ciki. Masu jin Turanci su nemi littafin Byang Kato, ɗan Kwoi a Nijeriya, wanda ya fito a 1975, shekarar da ya rasu a bakin teku a Mombasa. Gargaɗi ne a kan garwaya bishara da abin da ba ita ba. Waɗansu masana, kamar Kwame Bediako na Akropong, ba su yarda da dukan abin da ya faɗa ba. Ku karanta su biyun, ku auna da Nassi.

Wani abu kuma, ko da ya ke na san waɗansu za su ɗaga gira. Fasto a Tamale ya kamata ya san abin da maƙwabcinsa Musulmi ya gaskata, daga littafinsa, ba daga jita-jitar kasuwar Aboabo ba. Akwai fassarar Alƙur'ani da Hausa. Wanda ya karanta ba zai yi wa maƙwabcinsa ƙage daga kan bagadi ba, in sun zauna hira kuma za su ji juna.

Yanzu gare ku, dattawa. Manzo Bulus yana tsare, mutuwa tana kusa, duk da haka ya aika wa Timoti ya kawo masa mayafinsa da littattafansa. Fastonku ba zai iya sayen littafi da ɗan abin da ku ke ba shi ba, gama ga abinci ga kuɗin makarantar yara. In an kawo baikon godiya bayan girbin doya da masara, ku ware wani abu, ku saya masa ko littafi biyu a shekara. Ku sayi akwatin ƙarfe kuma, domin gara da ƙurar hunturu ba su san littafi mai tsada ba. A ɗora shi bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Ekklesiyoyi uku ko huɗu da ke kusa da juna suna iya haɗa akwati ɗaya, a sa mutum guda ya riƙa rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar, ko da mai aron shugaban gunduma ne.