Tiramol da Sirrin Ɗakin Aure: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu



Maganar yau tana da nauyi a baki, amma ɓoye ta ya fi cutarwa. Daga Maraɗi har Katsina, akwai magidantan da ke shan tiramol domin jinkirta inzali. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna serotonin, wanda yawansa ke jinkirta fitar maniyyi. Tiramol yana ƙara shi, shi ya sa da farko mai sha yake ganin biyan buƙata.

Sai dai jiki yana kamuwa da shi. Ƙwayar da likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, ta fasa-ƙwauri kuwa takan kai 225. Yana jawo farfaɗiya, ko mutum yana kan babur, yana danne numfashi, daɗewa a kansa kuma yana kashe sha'awar da aka sha shi dominta. Wanda ya haɗa shi da maganin ciwon damuwa, ya ji zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa, a kai shi asibiti nan take.

Saurin inzali yana da magani a wurin likita. In kun riga kun saba da ƙwayar, kada ku daina lokaci ɗaya, ku je a rage muku a hankali.

Allah ya ba mu lafiya.