Daga Boɗinga Zuwa Alƙahira: Tsarabar Kwana Goma



An nemi in ba ku labarin hutun da na yi a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Amma kafin in fara, ya kamata in kawar da wani zato, don kada wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in ranta masa kuɗi. Ni ɗalibi ne kamarku, ɗan Boɗinga, kuma in wata ya yi nisa garin rogo da ƙuli-ƙuli su ne abokan hirata. Abin da ya kai ni shi ne, kawuna, wani ɗan kasuwa mutumin Shagari, ya tashi zuwa ganin likitan ido, ya ga ina ɗan taɓa Larabci, sai ya ce in raka shi in riƙa yi masa tafinta da ɗaukar jaka. Likita ya sallame mu cikin kwana 3, alhali tikitinmu na kwana 10 ne. To, sauran kwana 7 ɗin nan su ne hutun da zan ba ku labari.

Mun tashi daga Kano, muka yi kusan awa 5 a sama. Tun daga filin jirgi na gane akwai aiki a gabana, domin Larabcin da na koya a zaure da makaranta dabam, wanda a ke yi a titin Alƙahira dabam. Harafin jimun a bakinsu ya koma "ga", ƙafun kuwa sun haɗiye shi ɗungum. Da na yi wa direban tasi magana da Larabcin littafi, sai ya yi murmushi ya ce ashe mai karanta labarai a rediyo ya ɗauko. Birnin da kewayensa yana ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, ga hayaniya, ga ƙarar hon dare da rana. Suna da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa tun shekarar 1987, wanda shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka, kuma a kowane jirgi an keɓe tarago na mata zalla. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai.

Wurin da muka fara zuwa shi ne dalar Giza, watau manyan kaburburan nan na Fir'aunoni da ke bakin hamada, yamma da kogin Nilu. Jama'a, gani ya kori ji. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500 da ginawa, tsawonta na asali mita 146, kuma duwatsun da aka jera a gindinta wani ya kusa kai mini ƙirji. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, can sai ya nisa ya ce, "Duk wanga aiki don mutum guda ya kwanta?" Kashegari muka tafi gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a shekarar 2021. A nan muka ga Ramsis na biyu, wanda wasu ke cewa shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa, ko da ya ke masana ba su haɗu a kan haka ba. Mutumin da ya mallaki Masar shekara 66, ga shi kwance cikin akwatin gilashi, 'yan makaranta na wucewa suna leƙensa. Wannan kaɗai ya isa wa'azi.

Daga nan sai masallatai. Mun yi salla a masallacin Amru ɗan Asi, wanda aka kafa wajen shekarar 642, shi ne na farko a ƙasar Masar. Mun shiga na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, muka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje. Mun hau ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, inda mutum zai tsaya ya hangi birnin shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Sa'an nan muka dangana da Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970, kuma har yau ana ba da karatu a cikinsa. Abin da na lura da shi a yawancin wuraren nan shi ne, akwai allo a bakin ƙofa mai bayanin wanda ya gina da shekarar da aka gina, akwai mai tsaro, akwai mai shara. Inda a ke sayen tikiti kuwa, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, ɗalibi mai katin shaida kuma a rage masa. Watau dai tarihi a wurinsu gona ce, suna nomanta suna ci.

To, bari in juya ga abin da na san da yawanku shi ku ke jira, watau abinci. Abincin talakan Alƙahira da rana shi ne koshari: shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa a sama. Da safe kuwa sai ful, watau dafaffen wake da mai, a ci da gurasa, tare da ɗa'amiyya wadda ba ta da maraba da ƙosanmu sai dai cikinta kore ne. Wata rana aka kawo mana wata miya koriya mai yauƙi, mai hidima yana ta yabonta, wai sunanta mulukiyya, wai abincin sarakuna ce. Kawu ya ɗanɗana, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wagga ai miyar lalo ta!" Lalle kuwa lalo ne, wanda ke fitowa a bayan gidajenmu da damina. Haka aka kawo wani jan abin sha cikin kofin gilashi mai suna karkade, muka kurɓa muka ji zoɓo ne. Bamiyarsu kuɓewa ce, ruwan asab ɗinsu kuwa rake ne aka matse. Abin da mu ke jin kunyar ba baƙo, su shi su ke sa wa suna su kai gaban Bature, ya biya yana godiya.

Sayayya kuwa, a kasuwar Khan Khalili muka yi ta, wadda asalinta ya koma ƙarni na 14. Lunguna ne ƙunci-ƙunci cike da turare, da jallabiyoyi, da carbi, da fitilun tagulla, da kayan fata. A nan ne na ga ranar Kawu. Duk kuɗin da aka faɗa masa sai ya raba uku ya taya da kashi ɗaya, ya juya kamar zai tafi, sai ka ji ana kiransa a dawo. Ni kuwa da na keɓe ni kaɗai, na ga wata 'yar fitila mai ado, na ce wannan ita zan kai wa mahaifiyata shaidar na zo Masar. Na yi ciniki har na yi gumi, na biya ina murna. Sai da muka koma masauki na juya gindinta, na ga an rubuta ƙirar ƙasar Sin ce. Da na sani, da na bari na saya a Babbar Kasuwar Sakkwato na huta da dako. Na kuma tsaya gaban jakunkunan fata masu tsada ina tunanin jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda tun zamanin fatake a ke ƙetare hamada da fatarta, Turawa su saya a arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Kiwo namu, jima tamu, suna na wani.

Kada mu ɗauka mu ne farkon baƙaƙen da kasuwar Alƙahira ta kwashe wa guzuri. A shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya yada zango a birnin kan hanyarsa ta zuwa Makka. Ya yi kyauta da sayayya har darajar zinariya ta faɗi a garin, da ya dawo daga aikin haji kuwa sai da ya ci bashi wajen 'yan kasuwa kafin ya koma gida. Amma akwai wani irin matafiyi dabam. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana rubuta littattafai, har ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan na Masar. Haka kuma Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 aka rufe shi a birnin, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim. Tafsirin Jalalaini da malamanmu ke karantawa kowane azumi, shi ya kammala shi. Muhtasar na Halilu da a ke taƙama da shi a zaurukanmu, a wannan birni mai shi ya zauna. Ashe hanyar nan daɗaɗɗiya ce, kuma abin da aka fi ɗaukowa a kanta shi ne ilmi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na amsa wannan gayyata. Ana jibi za mu dawo, na shiga lungun masu sayar da littattafai da ke bayan Azhar. Wani dattijo mai shago ya tambaye ni daga ina, na ce daga Nijeriya, jihar Sakkwato. Sai ya miƙe ya shiga ciki, ya fito da littafi ya aje a gabana: Liya'ut Ta'awili, tafsirin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fara bugawa a nan Alƙahira a 1961. Ya ce tun da daga ƙasarsu na fito, in ba shi labarin mai littafin: ina ya zauna, su wa ya karantar, gidansa yana nan? Jama'a, na buɗe baki na rasa abin faɗi, ban da cewa ƙanen Shehu ne kuma kabarinsa na Gwandu. Na sayi littafin don in rufe kunyata, kuɗinsa bai kai na takalmin da na saya da safiyar ranar ba.

Sai da na dawo gida na bincika, sa'an nan kunyar ta ƙaru. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya baro Gwandu ya zauna Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, bai koma Sakkwato ba sai 1815, shekara 2 kafin rasuwarsa. A Sifawa ne, cikin 1812, ya raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello ta gabas da ƙanensa Abdullahi ta yamma. A wannan zamani kuwa Malam Abdullahi a Boɗinga ya ke zaune, garin da aka yanke mini cibiya. Watau mutumin da dattijon Masar ke tambayata, maƙwabcin kakannina ne. Na ƙetare hamada na biya kuɗi na ga kabarin Fir'auna, amma Sifawa da na sha wucewa ban taɓa sauka na yi tambaya ba.

Da na gaya wa Kawu, sai ya ce ai shi ma bai tsira ba. A garinsu aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta wanda ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a garin aka rufe shi bayan rasuwarsa a watan Disamba na 2018. Kawu ya ce 'ya'yansa sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma bai taɓa zaunar da su ya ba su labarin mutumin da ya fito daga garinsu ya riƙe Nijeriya ba. Dattawan da suka yi zamani da shi kuwa kullum raguwa su ke yi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a daina tafiya ba, domin tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma da ban je ba da har yau ban san abin da na jahilta ba. Ban kuma ce ganuwar ƙasa za ta yi gogayya da dutsen Giza ba. Abin da na ke cewa shi ne, duk wanda ya fita waje wakilin garinsu ne, ko ya so ko ya ƙi, kuma wata rana za a tambaye shi. In kuɗi kaɗai ya tafi da su, zai dawo da kaya, kayan su tsufa. In ya tafi da sanin gida, zai sami abin musaya da masu ilmin can.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga shugabannin ƙungiyarmu: a hutu mai zuwa a ɗauki mota guda, mu tafi Sifawa da Boɗinga da safe, mu wuce Shagari da rana, tun da duk hanya ɗaya ce, mu dawo kafin magariba. Babu fasfo, babu biza, babu canjin kuɗi. Na biyu ga 'yan'uwana ɗalibai: kowa na da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, to ya zauna gaban tsohon unguwarsu ya ɗauki abin da ya sani, mu rubuta mu buga a mujallarmu kafin ƙasa ta rufe idonsa. Na uku ga yayyenmu ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da ma'aikatar ilmi: allon bayani da Hausa da Larabci da Turanci a bakin wurin tarihi bai kai kuɗin kujerar ofis ba, sai dai yana bukatar wanda zai rubuta takarda ya bi ta har a sa hannu. In kuma an tura ku kwas ƙasar waje, cikin kuɗin guzurin nan ku ware na littafi ko guda ɗaya ne.

Fitilar nan ta ƙasar Sin tana ɗakin mahaifiyata, ta kuwa yi murna da ita. Littafin Malam Abdullahi yana wurina, na fara karanta shi gaban wani malami a Boɗinga, kuma duk mai son dubawa ya same ni bayan an tashi.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama karatunmu lafiya.