Jawabi Kan Beli Da Wasu Kalmomin Kotu

Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan'uwa mazauna Zuba, muna godiya da wannan dama.

Bayan haka, abin da ya tara mu shi ne wasu kalmomin kotu da muke ji kullum, muna gyaɗa kai kamar mun gane, alhali ba mu gane ba. Babbarsu ita ce beli. Da yawanmu in an ce an ba da belin wane, sai mu ce Alhamdu lillahi, magana ta ƙare. To, ba ta ƙare ba. Beli aron mutum ne kotu ta ba ka, da sharaɗin za ka dawo da shi duk ranar da aka ɗage zama.

Wanda ya tsaya masa kuwa, ba sa hannu kawai ya yi ba. Kuɗin nan da alƙali ya ambata, a ce naira dubu 200, galibi ba a lokacin ake biya ba, shi ya sa muke raina shi. Amma ranar da mutumin ya hau mota a tasha ya ɓace, kai za a nema. In ba ka kawo shi ba ka biya, in ka kasa har ɗauri yana iya biyo baya. Mu nan baƙi suna sauka hannunmu dare da rana, kunya kuma ba ta barinmu mu ce a'a. In hankalinka bai kwanta ba, kana da ikon komawa kotu ka ce ka janye.

Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta ce mace ma tana iya tsaya wa mutum. Ta kuma hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema.

Sai sallama da wankewa. Wanda aka sallama kawai, misali don shaidu ba su zo ba, ana iya sake gurfanar da shi gobe. Wanda aka wanke, Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake yi masa shari'a kan wannan laifi. Don haka in alƙali ya gama magana da Turanci, a tambayi tafinta: wanne daga ciki aka ce? Tafinta haƙƙin wanda ake tuhuma ne, ko kwabo ba ya biya.