Amsoshin Wasiƙunku: Keke Mai Ƙafa Uku Ba Babur Ba Ne

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ɗambatta. Ya ce ya sayar da amfanin gona ya sayi Keke Napep na hannu, yana so ya riƙa kai kaya da fasinja kasuwa ranar Lahadi. Ya ce shekararsa goma yana tuƙa babur, shin akwai wani abin da ya rage masa ya koya?

To Malam, Allah ya sanya albarka. Amma wannan shekara goman da kake taƙama da ita, ita ce abin da muke ji maka tsoro.

Ga dalili. Mai babur idan ya zo kwana, kwantawa yake yi da babur ɗin, jikinsa ya saba tun ba ya tunani. Keke mai ƙafa uku kuwa ba ya kwantawa. Sai ka juya kansa da hannu, shi kuma nauyinsa duka ya tafi wajen kwanar. Idan ka yi dama da gudu, tayar baya ta dama ce za ta ɗaga sama, keken ya kife ta hagu. Kuma ka riƙe wannan lissafi: idan ka ninka gudunka sau biyu a kwana guda, ƙarfin da ke neman kifar da kai sau huɗu yake ninkuwa. Kwanar da ka sha lafiya da gudun kilomita 20, idan ka shige ta da 40 wani zance ne daban. Saboda haka a rage gudu tun kan miƙaƙƙiyar hanya, kafin a shiga kwana. Taka birki da ƙarfi a tsakiyarta shi ke ƙarasa kifar da mutane.

Ɗabi'a ta biyu ta mai babur ita ce sauke ƙafa ƙasa idan ya ji zai faɗi. A keke kada ka kuskura. Ƙafarka ba za ta tare ƙarfe da fasinja uku ba, karyewa za ta yi.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Tun da aka kafa shirin NAPEP a 2001 zamanin Obasanjo keken ya samu sunansa, a Kano kuma ake ce masa A Daidaita Sahu tun mulkin Malam Ibrahim Shekarau. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, 'yan acaɓa da yawa suka koma keke. Masu koya wa mutane tuƙi za su gaya maka wanda bai taɓa hawa babur ba wani lokaci ya fi saurin kama hannu, don ba shi da tsohuwar ɗabi'ar da zai yar.

Yanzu yadda za ka fara. Nemi fili, irin filin makaranta bayan an tashi ko filin idi, tare da wanda ya daɗe a sana'ar. Kada ka ɗauki kowa a baya, ko ɗanka. A yawancin kekunan Bajaj, totur yana hannun dama, kuloci da giya suna hannun hagu kamar tsohuwar Basfa: ka matse kuloci, ka murɗa hannun, giya ta shiga. Birki yana ƙafar dama. Ka yi ta tashi da tsayawa a giya ta ɗaya har keken ya daina zabura yana mutuwa. Sannan ka jera duwatsu ka riƙa zagaya su hagu da dama, ka koyi ribas. Daga nan ka ɗora buhu biyu ka sake komai daga farko, domin keke da kaya ba ya tsayawa inda keke fanko yake tsayawa.

Wani abu kuma da sabon hannu ke mantawa: gaban keken siriri ne, bayansa ne mai faɗi. Inda hancinsa ya wuce ba lallai bayan ya wuce ba. Haka ake kwashe tiren mai talla, ko tayar baya ta zame bakin kwalbati. Ramin hanya ma haka. Mota tana sa rami a tsakanin tayoyinta, babur yana kauce masa, kai kuwa sawu uku gare ka, ɗaya a tsakiya. Idan tayar gaba ta tsira, ta baya za ta faɗa. A hanyar burji irin tamu, sassautawa ta fi kaucewa da fizga.

Sai maganar lodi, inda mu mutanen karkara muka fi ɓarna. Mazaunin baya na mutum uku ne. Mu kan ga an sa biyu a gefen direba har ba ya iya juya kan keken, ga buhunan masara a kan rufi. Duk kayan da ya hau sama, kifewa yake jawowa kusa. Mai nauyi ya zauna ƙasa, a tsakiya, a ɗaure shi. Kuɗin mutum biyun da ka ƙara ba za su biya ɗaurin karaya ɗaya ba.

Kowace safiya ka duba iskar taya uku, da baƙin mai, da birki, da fitila. Ka yanki lasisi, kada kuma ka ba yaron da bai kai shekara 18 ba, ko da ya fi ka iyawa a cikin fili. A babban titi ka riƙe gefenka, ka duba madubi ka sa sigina kafin ka tsaya wa fasinja, don tirelar da ke bayanka ba ta san an ɗaga maka hannu ba.

Ranar kasuwa kuwa, Malam, ka ɗan jinkirta ta. Ka fara da ranakun da hanya ba cunkoso, kamar mako biyu ko uku, sannan ka shiga ta Lahadi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Mu huta lafiya.