Kafin a Cike Fom ɗin JAMB

Da an fara sayar da fom ɗin JAMB, tambayar da ake yi a gida ita ce, wace jami'a? A ganina, kamata ya yi a fara da, wane kwas, kuma an tantance shi? Hukumar NUC kwas-kwas take bi, ta ƙirga malamai, ta leƙa ɗakin gwaji da laburare. Sai ka tarar a jami'a guda wani sashe yana da cikakkiyar amincewa, maƙwabcinsa kuwa ta wucin gadi. Likitanci sai da yardar hukumar MDCN, wadda ke ƙayyade yawan ɗalibai. Injiniyanci kuma sai hukumar COREN.

Wani zai ce ai suna linzami ne, ABU Zariya tun 1962 take. Haka ne, tsufa na tara malamai, amma sashe ne ke koyar da yaro, kuma sashen za a bincika. Masu cewa karatu a ƙasar waje ya fi, tunda yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, suna da hujja. Sai dai a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, iyayen da suka biya kuɗin makaranta da sefa suka shiga zullumi.