Ruɗewar Nau'i: Jawabi ga Ɗaliban Ɗanbatta



Akasarinmu da muka fito daga Ɗanbatta mun san shagon kwamfuta, domin can muka cike takardun JAMB. Muka miƙa wa mai shago sunanmu, da ranar haihuwa, da lambar NIN, wani ma har da katin bankin mahaifinsa, muna tsaye yana bugawa. Ba wanda ya tambayi lafiyar na'urar. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka zaɓi yin magana yau a kan wani kuskure na manhaja da za mu kira ruɗewar nau'i.

Duk abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta lambobi ne. Abin da ke rarrabe su shi ne nau'in da manhaja ta ɗauke su da shi: wannan adadi ne, wannan rubutu ne, wancan kuwa adireshin wani wuri ne a cikin ƙwaƙwalwar. Misali, a ce an ba ɗan aike takarda mai lamba 45. Wanda ya rubuta yana nufin buhunan gero ne, amma wani ya raɗa wa yaron cewa lambar gida ce, shi kuwa bai bincika ba, ya tafi gida na 45 ya kutsa kai. Haka manhaja ke yi. In mai kutse ya sa ta ɗauki lambar da shi ya zaɓa a matsayin adireshi, to ya sami ikon karanta ko canza abin da ke kowane lungu na ƙwaƙwalwarta, daga nan kuwa sai ya sa kwamfutar ta bi umarninsa. Mai ita bai danna kome ba ban da buɗe shafi.

Manhajar da ta yi ƙaurin suna da wannan ita ce Flash Player, watau ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza domin nuna bidiyo da wasanni. Kamfanin Adobe ya mallake ta a 2005. A watan Oktoba na 2015, kamfanin Trend Micro ya bayyana cewa wasu 'yan kutse da ake kira Pawn Storm sun bi ta irin wannan ɓaraka suka kai hari kan ma'aikatun harkokin waje na ƙasashe daban-daban. A Afrilu na 2016 aka yi amfani da wata wajen yaɗa manhajar da ke kulle takardun mutum har sai ya biya fansa. Sa'an nan a Oktoba na 2017 Kaspersky ya gano wata da aka ɓoye cikin takardar Word, tana dasa manhajar leƙen asiri mai suna FinSpy. A lura da wannan ta ƙarshe: ba ta burauza ta shigo ba.

Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba, 2020, kuma daga 12 ga Janairu, 2021 sababbin samfuranta suka daina aiki. To, ina ruwanmu da mushe?

Ruwanmu shi ne, tsofaffin samfura ba su san an yi rasuwa ba. Kwamfutar gwanjo mai Windows 7, wadda aka kashe mata sabuntawa domin tsadar data, za ta iya ɗauke da Flash na shekarun baya har gobe. Ba laifin mai shago muke gani ba. Wanda ke sayen man janareta kullum ba zai so ƙone data a kan abin da bai ga amfaninsa ba. Har ila yau kuskuren bai mutu tare da Flash ba. A Maris na 2022 da Afrilu na 2023, Google ya gyara irinsa a cikin Chrome bayan an riga an fara kai hari da shi. Ga shi kuwa Chrome 109, na Janairu 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, watau gyaran ɓarakar da ake ganowa yanzu ba ya isa irin wannan na'ura.

Saboda haka roƙonmu ɗaya ne. In mun koma gida hutu, kowa ya leƙa shagon da ya cike takardunsa, ya gai da mai shi cikin ladabi, ya nemi izinin duba jerin manhajojin da ke na'urar. In akwai Flash a cire ta, in burauza ta tsufa a gaya masa. Ƙannenmu za su zauna gaban na'urorin nan baɗi.