Takardar Haihuwa da Ofishin Gunduma: Jawabi Ga Dattawa da Membobi

Maganar da muka kawo yau ta takarda ce, kuma mun san wani zai ce a ransa wannan ba maganar taron ikkilisiya ba ce. Ku yi mana haƙuri ku ji abin da ya sa muka kawo ta.

Bara wata 'yar'uwarmu a nan Amurka ta sami labarin rasuwar mahaifiyarta a gida. Ta so ta tafi jana'iza tare da ɗanta mai shekara 6, wanda aka haifa a nan, kakar kuwa ba ta taɓa ganinsa ba. Yaron ba shi da fasfo. Ta ɗauki takardar da asibiti ya ba ta ranar haihuwa, mai kyan gani, da hoton tafin ƙafar jariri a jiki, ta kai wurin neman fasfo. Aka ce mata wannan ta ajiyar tunawa ce kawai. Da ta nemo ta gaskiyar, sai ta ga an rubuta sunan uban yaron da kuskure. Kafin a gyara, an binne tsohuwa. Ta tafi ita kaɗai daga baya, mu kuma muka riƙe yaron.

To, wace ce ta gaskiyar? A ƙasar nan gwamnatin tarayya ba ta ajiye rajistar haihuwa. Kowace jiha ce ke riƙe da tata, kuma a wurare da yawa ofishin gunduma, wato abin da suke kira kawunti, shi ne mafi kusa da za a je a karɓi kwafi. Wanda ya haihu a Shikago, ofishin magatakardan Gundumar Cook zai nufa. Amma kada a ɗauka ko'ina haka ne. A Hiyustan, idan an haihu a cikin iyakar birnin, ofishin birnin ne ke da cikakkiyar takardar, Gundumar Harris kuwa tana riƙe da na wajen birni. Birnin Niyu Yok ma yana da nasa ofishi dabam da na jiha. Ku tuna kuma inda aka haifi yaro ake nema, ko da iyali sun ƙaura zuwa wata jiha tun tuni. Ana iya nema ta wasiƙa ko ta intanet. Ofisoshi da yawa suna aiki da kamfanin VitalChek, wanda ke ɗora nasa kuɗi a kan na gwamnati. Ku fara daga shafin ofishin da kansa, domin akwai shafukan da za su karɓi kuɗinku da yawa su cika muku fom ɗin da za ku iya cikawa da kanku.

Idan takardar ta zo hannu, ga abin da masu ba da fasfo suke dubawa: cikakken sunan yaro, ranar haihuwa da wurin, cikakkun sunayen iyaye (wannan ya zama dole tun Afrilun 2011), sa hannun mai rajista, hatimin ofishin, da ranar da aka shigar da haihuwar, wadda ya kamata ta kasance cikin shekara ɗaya da haihuwa. Wasu jihohi, kamar Teksas, suna da gajeriyar takarda da doguwa. Ku ce doguwar kuke so. Kwafin da kuka ɗauka da na'ura a gida ba ya maye gurbin mai hatimi, kuma muna roƙo kada a shafe ta da roba don adanawa, domin ofisoshi da dama ba sa karɓar wadda aka yi wa haka.

Yanzu mu zo inda al'adarmu ta fi gamuwa da matsala, wato suna. Mu mun saba sai an kwana bakwai, a tara jama'a, a ji ta bakin kakanni, fasto ya yi addu'a, sa'an nan a faɗi suna. Asibiti kuwa yakan sallami mai jego cikin kwana biyu ko uku, kuma kafin ta fita za a miƙa mata fom na rajista. Dokar Teksas ta ce a shigar da haihuwa cikin kwana 5, ta Ilinoyi kuma kwana 7. Idan aka bar gurbin suna babu komai, haka za a shigar, sai daga baya a bi da fom na gyara da kuɗi da jira. Ba mu ce a bar bikin suna ba, ko kaɗan. Shawararmu ita ce miji da mata su buga waya gida tun ciki yana wata takwas, a tsayar da suna biyu, na namiji da na mace, a rubuta a takarda a sa cikin jakar asibiti. A ranar suna sai a sanar wa jama'a abin da an riga an rubuta. A wannan fom ɗin ne kuma ake neman wa jariri lambar Social Security, kada a tsallake wurin.

Rubutun sunan ma abin lura ne. Kwamfutocin ofisoshi da yawa ba su san harufanmu masu lanƙwasa ba, saboda haka Ɗanladi zai fito Danladi, wannan ba komai. Abin da ke kawo wahala shi ne uba ya zama Istifanus a fasfo, Stephen a takardar haihuwar ɗansa, ko Yohanna da "n" biyu a nan, ɗaya a can. Uwa ta rubuta sunanta daidai yadda yake a fasfonta, uba ma haka. Mai jego ta gaji, ba lokacin da za a bar ta da biro ita kaɗai ba ne. Zumuntar mata, idan kun je barka, ku tambayi wannan kafin ku buɗe kular abinci.

Wani abu kuma, mun saba da aike. A gida sai a ce wa ƙane ko kawu ya je ya karɓo. Nan ba haka ba. A Ilinoyi, mai takardar idan ya girma, ko iyayen da sunansu ke ciki, ko wakilinsu na shari'a ne kaɗai ake ba. Teksas ta ɗan buɗe ƙofa ga kakanni da 'yan'uwa na jini, amma tana rufe rajistar haihuwa ga sauran mutane har shekara 75. Fasto ko dattijo zai iya raka mutum ya yi masa tafinta, amma ba za a ba shi ba. A tafi da katin shaida mai hoto wanda bai ƙare aiki ba.

Mu da aka haifa a Najeriya, ofishin gunduma ba shi da komai namu. Tamu tana wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ba aikin rajistar haihuwa, kuma ga manya tana ba da takardar shaidar haihuwa. Takardar baftisma tana taimakawa wani lokaci a matsayin ƙarin shaida, shi ya sa muke roƙon magatakardan kowace ikkilisiya ya riƙe littafinsa da kyau, da ranar haihuwa da cikakkun sunayen iyaye. Amma ita kaɗai ba ta tsayawa.

A kan rasuwa za mu taƙaita. Gidan da ke shirya gawa ne yakan shigar da takardar, kuma ta wurinsu ya fi sauƙi a nemi kwafi. Ku nemi da yawa tun farko, domin banki, kamfanin inshora, wurin aiki, da masu ɗaukar gawa zuwa gida kowa zai nemi nasa mai hatimi.

Fastocinmu, aure ya rage gare ku. Lasin da ango da amarya suka karɓo daga gunduma, bayan kun ɗaura aure kun sa hannu, dole ya koma ofishin: cikin kwana 10 a Ilinoyi, kwana 30 a Teksas. Idan ya kwanta cikin aljihun tebur, an sha biki amma gunduma ba ta da labarin auren, kuma ranar da matar za ta canja suna ko ta nemi takardun zama ne abin zai fito fili. Muna roƙon dattawa su sa mutum ɗaya a kowace ikkilisiya wanda zai tambayi fasto ranar Litinin bayan biki ko lasin ya tafi.

Lahadi mai zuwa bayan sujada za mu zauna a ɗakin Makarantar Lahadi. Kowane gida ya zo da takardun haihuwar yaransa da fasfon iyaye, mu jera su a tebur mu duba harafi bayan harafi. Wanda ba ya so a ga takardunsa a cikin jama'a ya gaya wa dattijonsa, za mu zo gida.